Abin da Sikeli Ya Faɗa

Shafi na 31

Masu biyo ni har akwatin saƙo kuna cewa na cika jan rai, na ji ku. Baiwar Allah da ta ce in na taɓa Auta ba ni ba ita, ke ma na ji ki. Ku gyara zama.

*

Ninkin kaya Tela take yi, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabon da a ji a bakinta tun kafin su shigo asibitin nan. Rigunan Auta ne 'yan mitsi-mitsi, duk ta farke musu kafaɗa ta sa maɓalli saboda siririyar robar da ke shiga ƙirjin yarinyar. Ko a kujerar jinya hannun tela ba ya iya zama haka nan.

"Maman Gado Huɗu, ajiye wannan ki biyo ni."

Sista Mai Tabarau ce, ko tsayawa ba ta yi ba.

Wata takwas ke nan da sunan Tela ya ɓace a ɗakin nan. Daga mai shara har babban likita, lambar gado aka sani.

"Yanzu Sista? Yau fa Alhamis. Likita zai sa mana hannu mu tafi gida, ga kaya ban gama haɗawa ba."

"Na sani. Biyo ni."

Sista mace ce mai tsokana, kullum sai ta ja ta da zancen rigar da ta yi mata alkawari har yau ko yanka ba a yi ba. Yau ko gaisuwa babu.

Ta leƙa gadon. Auta na kwance lamo, shekara biyu da rabi amma in ka ɗauke ta sai ka rantse 'yar shekara ɗaya ce. Madara na bin robar hancinta ɗigo-ɗigo. Yarinyar ta motsa busassun leɓɓanta ba tare da ta buɗe ido ba.

"Mama... ruwa."

"Yanzu zan dawo, 'yar albarka."

Ɗakin wanke-wanke Sista ta kai ta, ta turo ƙofa. Warin maganin wanki ya daki hancinta. A kan kanta ga sikeli, ga baƙar leda a buɗe, ga nafkin guda bakwai a jere, kowanne an ƙulle shi a farar leda an rubuta lokaci a jiki. A gefe kuma ga littafin awo na Gado Huɗu, da rubutunta mai kyau kamar na 'yar makaranta.

Nan take Tela ta sha jinin jikinta.

Ga wanda ya manta, hanjin Auta ne ya murɗe rana ɗaya, kafin a gane, mafi yawansa ya mutu, aka yanke. Abin da aka bar mata santimita talatin da takwas. Ranar da Likita ya faɗa, Tela ta ciro tef ɗinta daga jaka ta auna, ta ga ko hannun rigar babba bai kai ba, ta ɗaura jan zare a wurin. Hanji mai wannan tsawo ba ya riƙe abinci, abin da ya shiga wucewa yake yi. Shi ya sa yarinyar ke rayuwa da farar jakar da ke bin roba ta shiga jijiya, ana lallaɓa ɗan hanjin da madara ko zai koyi aiki. Likita ya kafa musu sharaɗi: a riƙa auna duk abin da ya fita a nafkin. In bai wuce giram ɗari huɗu a rana ba har kwana goma sha huɗu, to hanji ya fara kamawa, su tafi gida da injin ruwan jijiyar su ci gaba a can. In ya wuce ko rana ɗaya, a koma ƙirga daga farko; in ya ƙi sauka, sai an koma ɗakin tiyata. Jiya ne kwana na goma sha huɗu.

Sista ta miƙa mata safar hannu.

"Sa."

Ta sa.

"Wannan na ƙarfe shida na safiyar jiya ne. Me kika rubuta?"

"Casa'in."

"Na cire nauyin busasshen, kamar yadda na koya miki. Ɗora."

Ta ɗora. Lambobin suka yi rawa suka tsaya.

"Karanta min. Idona ya tsufa."

"Ɗari... ɗari da arba'in."

"Na ƙarfe tara. Me kika rubuta?"

"Sista..."

"Me kika rubuta?"

"Arba'in."

"Ɗora."

Tamanin da biyar.

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya har bakwai. Sista na rubutawa a bayan wata takarda, ta haɗa, ta juyo mata da ita.

"Ke kin ce ɗari uku da tamanin. Sikeli ya ce ɗari shida da goma. A cikinku wa zan yarda da shi?"

"Wataƙila sikelin ɗaki ne yake..."

"Kada ki soma. Da jakar ruwa ta rabin lita na gwada su duka biyun, bakinsu ɗaya. Ni da girmana na tsuguna a kwandon shara ina tsintar kashin yarinya tun jiya, ina roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure."

Tela ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

Sista ta buga littafin da yatsa.

"Maman Gado Huɗu, da ke nake."

"Kwana goma sha ɗaya."

"Innalillahi." Sista ta cire tabarau ta dafe ido. "Sha ɗaya!"

"Wallahi kwana ukun farko gaskiya ne. Ki duba, ɗari uku da casa'in, da tamanin da biyar, da casa'in da biyar. Rana ta huɗu ce ya zama ɗari huɗu da talatin. Talatin kacal fa Sista! Da an rubuta, sai a ce mu koma mu fara ƙirga daga ɗaya. Sai na ce bari in rage arba'in, ai ko yadi ake auna wa ana barin ɗan bakin ɗinki. Na ce gobe zai daidaita."

"Ya daidaita?"

Ta girgiza kai.

"To bari in gaya miki abin da ya hana shi daidaita. Likita ya ga lambobinki ya yi murna, ya ƙara madara, ya rage ruwan jijiya. Madara ta yi wa hanji yawa, zawo ya ƙaru, ke kuma kika ƙara ragewa a littafi. Ya sake gani, ya sake murna, ya sake ƙara madara, ya sake rage ruwa. Abin da ke fita na ƙaruwa, abin da ke shiga na raguwa. Yarinyar nan bushewa take yi a gabanmu muna tafa mata!"

"Na ga tana yawan neman ruwa, na ɗauka zafi ne..."

"Ranar Litinin nauyinta ya ɗan sauka, muka ce kumburi ne ke saɓewa. Yau da safe na ɗora ta, ta sake zubar da giram ɗari uku. Shekaranjiya da nake canza mata filasta ta yi kuka har muryarta ta dishe, ko ɗigon hawaye babu. Ba ki lura ba?"

Ta lura. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai. Ta lura, ta kawar da kai, ta ci gaba da ninke kaya.

Ni dai ba zan ce ta kyauta ba. Amma ku da kuka fara zaginta tun daga shafin baya, ku ɗan saurara ku ji.

"Me ya sa?" in ji Sista, muryarta ta sauka. "Ke da ko allura ba kya bari a yi mata sai kin karanta kwalbar. Ke da kike koya wa sababbin iyaye wanke hannu. Me ya sa?"

Tela ta jingina da bango. Safar hannun na nan a hannunta, ta rasa da me za ta share fuska.

"Kin san Rediyo?"

"Babbar 'yarki. Mai surutun."

"Shekararta bakwai. Mu muka sa mata Rediyo, don tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba. In ina ɗinki tana zaune a ƙarƙashin keke tana ba ni labarin duniya, har in ce mata don Allah a rage murya, batir zai ƙare." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Wata takwas tana wurin gwaggonta. An ce ba a shigo da yara nan, kada su kawo cutar da za ta shiga layin jijiya. Sau huɗu na gan ta, duk a wurin ajiye motoci, ina tsaye ina duba agogo. Da farko in na kira waya sai kuɗin wayar ya ƙare ba ta kai rabin labari ba. Daga baya ya koma 'lafiya lau', 'e', 'a'a'. Haƙorinta ya fita, a bakin ubanta na ji."

Tela ta ci gaba.

"Rana ta huɗun nan na kira. Ita ta ɗauka. Na ce 'Rediyona, kin san mai magana?' Ba ta amsa min ba. Sai na ji ta ɗaga murya ta ce, 'Gwaggo, zo ga Maman Auta a waya.'"

Ta goge fuska da kafaɗa.

"Maman Auta, Sista. Ni na haife ta. Kwana biyu ina naƙudarta. Ba da fushi ta faɗa ba, da ma da fushi ne da na ji sauƙi. Haka kawai ta faɗa, kamar ana maganar maƙwabciya. Na kashe waya na zo na ɗora nafkin, sikeli ya ce min in ƙara kwana goma sha huɗu. Hannuna ne ya rubuta, wallahi ban san lokacin da ya rubuta ba."

"Ranar farko ke nan. Sauran goman fa?"

"Na riga na gaya mata rana. Na ce mata Alhamis ta sama. Ubanta ya ce takarda ta manna a bango tana soke kwanaki da biro."

Kewa ce ta yi mata yawa, ba wani abu ba. Kewar 'yarta, kewar ɗakinta, kewar ƙarar kekenta da safe. Akwai ranar da ta tsaya a tagar ɗakin jinya tana kallon wata mata a bakin titi tana jan yarinya da hannu tana yi mata faɗa, ta ji da za a ba ta ko wannan faɗan ta yi na minti biyar da ta gode.

"Kuma ga tiyatar," ta ce. "Sau biyu suna buɗe cikin yarinyar nan. Likita ya zana min a takarda, wai ɗan hanjin ya buɗe ya yi faɗi, za su tsattsaga shi nan dama nan hagu ya miƙe ya yi tsawo. Na gane sarai, haka nake fitar da doguwar igiya daga guntun ƙyalle. Amma ni na san almakashi Sista. Na sha ɓata yadin mutane da hannuna. Wannan kuma babu kasuwar da zan je in sayo wani."

Sista ta mayar da tabarau. Ta jawo littafin, ta nuna ƙasan shafi da yatsa.

"Wannan sa hannun wa ne?"

"Naki."

"Kowane shafi nawa ne. Aikina ne in auna. Mu biyu ne a kan gado goma sha takwas, na ga ke mai ido ce, na sakar miki biro ina sa hannu ban duba ba. Don haka kada ki ɗauka ke kaɗai za ki tsaya gaban Likita yau."

Tela ta kama hannunta da hannu biyu.

"To ki rufa mana asiri mu duka. Don girman Allah. Kwana biyu kawai. In je in kwana a ɗaki ɗaya da ita, in yi mata kitso, in ji ta kira ni. Ranar Asabar da kaina zan dawo da Auta in ce zawo ya tashi. Zan riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari, ba zan runtsa ba."

"Ta ina zai shiga jikinta? Ta hanjin da kika ɗaura wa jan zare?"

"Sista..."

"In ta fita ƙofar nan da wannan ruwan da aka rage mata, ba na miki alkawarin za ki dawo da ita tana numfashi. Ƙodarta ce za ta fara tsayawa. Na riga na ɗebi jininta tun da safe na aika." Ta zare hannunta a hankali. "Likita yana Gado Ɗaya yanzu. Kafin ya iso na huɗu ba zai wuce minti goma ba. Ko ki faɗa da bakinki, ko in faɗa da nawa."

"Ki faɗa. Ni ba zan iya ba."

"Zan iya. Amma ki ji wannan da kyau. Ba kowace uwa ake ba wa inji da layin jijiya a ce ta tafi gida da su ba. Sai wadda in ta ce zazzaɓi ne, zazzaɓi ne, in ta ce ɗari shida, ɗari shida ne. In a bakina ya ji, ko shekara za ku yi a nan ba zai ƙara yarda ya sallame ki da ita ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. In a bakinki ya ji, kina da sauran hanya."

Ta buɗe ƙofa.

"Cire safar nan ki wanke fuskarki."

Tela ta fito. Ta shawo kwanar da za ta kai ta ɗakin jinya, sai ta ja ta tsaya cak.

Mijinta ne tsaye a bakin ƙofa, da makullin motar haya a hannu, bakinsa har kunne. A bayansa wani ɗan kai ya leƙo ya koma.

"Maman Rediyo! Kin ga abin da na kawo miki? Jiya na roƙi Likita, ya ce tunda ranar tafiya ce a bar ta ta shigo, in dai ta wanke hannu ta rufe baki da takunkumi. Na ce ba zan gaya miki ba sai dai ki gani."

Wayyo, bawan Allah. Shi duk a ganinsa gwaninta ya yi.

"Fito mana," ya ce yana jawo ta. "Ke da kika hana ni barci tun asuba."

Rediyo ta fito. Takunkumin da aka sa mata ya rufe rabin fuskarta, idanu kawai ake gani. Rigar jikinta Tela ce ta ɗinka, shuɗiya mai aljihu biyu, ta bar mata tsawo har ƙwauri don ta daɗe tana sawa. Yanzu da ƙyar ta rufe gwiwa. Idon tela ba ya ƙarya: inci uku yarinyar nan ta ƙara ba ta nan.

Ta durƙusa a ƙasa ta buɗe hannu.

Rediyo ta kalli ubanta. Ta kalli ƙasa. Ta matso taku ɗaya, ta tsaya, ta sake matsowa. Ba ta shiga hannun ba, gefen zanin ta kama da yatsu biyu ta riƙe.

"Kin rame," ta ce.

"Ke kuma kin yi tsawo."

"Gwaggo ta ce ci ne da ni."

"Ta yi gaskiya?"

"Kaɗan."

Suka shiga ciki a haka, tana riƙe da zanin. Ta tsaya a gefen gado tana leƙen ƙanwarta, ta ga jakar kaya a buɗe, ta ga rigunan a ninke. Sai ta ɗago.

"Da gaske yau ne?"

Mijin ne ya amsa.

"Ga kaya kina gani an haɗa?"

To fa. Kamar an murɗa mata maɓalli.

"Mama, na share ɗakinki! Sau biyu ma, don na farko Baba ya shiga da takalmi. Kuma na goge kekenki, amma ban taɓa allurar ba, wallahi ban taɓa ba. Kyanwar maƙwabta ta haihu a cikin kwandon ƙyallayenki, guda uku, ɗaya ba shi da kyau. Kuma Mama, matar nan mai jan mayafi ta zo neman ɗinkinta sau biyar, na ce mata sai Alhamis. Kuma an canza mana malama, sabuwar ba ta duka amma tana da harara. Mama kina ji? Mama!"

"Ina ji."

Sau huɗu. Tana ƙirgawa. Sau huɗu ta ce Mama.

Rediyo ta zura hannu a aljihu ta ciro kwalin ashana, ta tura shi a hankali ya buɗe. Ɗan haƙori ne a kan auduga.

"Gwaggo ta ce in yar. Na ce sai kin gani."

Tela ta karɓa da tafin hannu biyu. Wannan ne abin da take nema wata takwas, ga shi an kawo mata har gaban gado, kuma ta san nawa ta biya.

"Ina telarmu? Ina 'yar gaban goshina?"

Likita ne, da ƙananan likitoci biyu a bayansa. Dattijo ne mai furfura a gemu da fara'a, in ya yi dariya har Gado Goma ake ji. Sista Mai Tabarau ta zo ta tsaya a ƙarshen gado, ta ajiye littafin awo a kan bargo, ta harɗe hannu.

"A'a, wannan ce Rediyon? Yau dai na ga tashar da ido." Ya ɗauki littafin yana buɗawa. "Ku duba nan, ku da kuke rubutu kamar tafiyar kaza. Kwana goma sha huɗu, ko ɗaya bai haura ba. Na ce muku ɗan hanjin nan jarumi ne. Na soke tiyatar Litinin tun jiya." Ya zaro takardar sallama, ya cire murfin biro. "Nauyin ne kawai bai yi min ba, amma za mu gani a awon mako. Maman Auta, akwai abin da ya rage kafin in sa hannu?"

Tela ta kalli Sista. Sista na kallon bango.

Ta kalli Rediyo, wadda ta sake kama zanin, yanzu da hannu gaba ɗaya, tana ɗan tsalle a kan yatsun ƙafa.

A gadon Auta ta motsa. Muryar ta fito siririya, da ƙyar.

"Ruwa..."

Bakin biro ya taɓa takarda.

"Likita, kada ka sa."

Ya ɗago.

"Littafin nan ƙarya ne. Ni na rage. Kwana goma sha ɗaya ina ragewa. Na jiya ɗari shida da goma ne."



"Maman Rediyo, me kike cewa?" in ji mijinta. "Me kika rage?"

Likita bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Murfin biron ya mayar a hankali, fara'ar nan ta bar fuskarsa kamar ba a taɓa yin ta ba. Ya matsa gadon, ya ɗaga rigar Auta, ya tsunkuli fatar cikinta ya saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

"Sista?"

"Gaskiya ta faɗa. Na sake aunawa. Sa hannuna ne a ƙasa, ban duba ba. Jini yana ɗakin gwaji tun ƙarfe bakwai."

"A tsayar da madarar. A ɗaura ruwa yanzu, a gudu. Kai, je ka karɓo min sakamakon da ƙafarka. Ke, kira ɗakin tiyata ki ji ko sun ba wani Litinin ɗin."

Nan da nan gadon ya cika da hannuwa. Tela ta tsaya riƙe da kwalin ashana.

"Likita... har yaushe?"

Bai juyo ba.

"Sai ta farfaɗo tukuna. Sannan tiyata. Sannan mu koma ƙirga daga ɗaya, kuma ba ke za ki riƙe biro ba. Kada ki sa rai ƙasa da wata uku." Ya ɗan tsaya. "Da kin bar ni na sa hannun nan, da ba wannan maganar muke yi ba. Wannan na ajiye shi a raina."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Abin da ta ji shi ne zaninta ya saki.

Ta duba ƙasa. Rediyo ta janye hannunta. Idanun nan da ke saman takunkumi suna kan jakar kaya, daga nan suka koma kan takardar da ba a sa wa hannu ba.

"Rediyona, ki saurare ni. Ƙanwarki ce ba ta..."

Yarinyar ta miƙo hannu. Tela ta ɗauka rungumarta za ta yi, har ta sunkuya. Kwalin ashanar ta zare daga tafinta, ta rufe shi, ta mayar aljihu. Babu kuka, babu fushi. Ta juya ta kama ɗan yatsan ubanta.

"Baba mu tafi, Gwaggo na jira. Maman Auta ba za ta zo ba."

Ta ja shi, shi kuma ya bi ta kamar wanda aka buga wa sanda a ka, yana waiwaye.

"Rediyo!"

Tela ta bi su da gudu. Ta kai bakin ƙofa, ƙafarta ɗaya a waje, tana hango shuɗiyar rigar na nufar kwana. Taku goma ne tsakaninsu, in ta ɗaga ƙafa za ta cim mata.

Sai muryar Sista ta tsaga ɗakin daga bayanta.

"Maman Gado Huɗu! Zo ki kira sunanta, ba ta amsa mana!"